Tsohon ɗalibina na sayar da handawut ɗina na sola da sunansa, ina da haƙƙi ko babu?

Injiniya_TudunWada:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin doka da malaman sana'a da ke nan ku taimaka min da haske. Ina koyar da haɗa sola da wayarin na gida a wani ɗan shago a Tudun Wada nan Zariya, matasa nake ɗauka rukuni-rukuni suna biyan ɗan abin da ya sauwaƙa. Da yake yawancinsu Turanci na ba su wahala sai na zauna na rubuta musu handawut da Hausa, tun daga yadda ake lissafin lodin gida, fanka nawa, ƙwan fitila nawa, akwai firij ko babu, har zuwa yadda mutum zai zaɓi girman inbata da batir, da bambancin jera batura a siris da jera su a faralel, da kaurin wayar da ya kamata ta taso daga fanel zuwa kwantirola, da inda ake sa bireka. Zane-zanen ciki da biro da rula na yi su da hannuna kafin a mayar min da su kwamfuta.

To wani yaro da ya koya a wurina ya buɗe nasa wurin, wannan kam wlh na ji daɗi don dama abin da muke musu fata kenan, amma sai ga shi ya ɗauki handawut ɗin nan sukutum ya cire bangon ya sa nasa da sunansa a matsayin wanda ya rubuta, yana sayar wa ɗalibansa, kuma yana tura PDF ɗin a wani guruf na WhatsApp da sai ka biya ake saka ka. Yadda ma na sani shi ne a ƙasan zanen haɗa batir huɗu akwai lambar wayata da ƙananan rubutu bai lura ya goge ba, sai wani ɗalibinsa ya kira ni yana tambaya a kan zanen yana zaton da ogansa yake magana.

Shin ina da wani haƙƙi a doka? Don ban yi wa handawut ɗin rajista a ko'ina ba, rajistar da nake da ita ta sunan shago ce ta CAC kawai. Sannan akwai hotunan fanel da inbata da na ɗauko a Google na saka a ciki, da shafi biyu da na fassara daga ɗan littafin da ke zuwa cikin kwalin inbata, wannan zai ɓata min magana in an je gaba? Bayan haka kuma wata ƙungiya ta nemi in horar mata da matasa, sun turo takardar yarjejeniya, a ciki akwai layin da ya ce duk kayan koyarwar da aka yi amfani da su a horon sun zama mallakarsu. Ban sa hannu ba tukuna don layin bai kwanta min ba. Allah ya saka da alheri.

Barista_Kongo:

Wa alaikumus salam Injiniya. Kana da haƙƙi, kuma rashin rajista bai rage ka da komai ba. Dokar haƙƙin mallaka da muke aiki da ita yanzu ita ce ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023, ta maye gurbin tsohuwar da aka faro tun 1988. A ƙarƙashinta da zarar ka yi rubutu ko zane da ƙoƙarin kanka kuma ya tabbata a kan wani abu, takarda ce ko kwamfuta ko waya, to haƙƙinka ya hau kansa nan take, ba sai ka cike fom ko ka biya kowa ba. Kuma haƙƙin rubutu yana nan tsawon rayuwarka da ƙarin shekara 70 bayan rasuwa, wato har magada suna da shi. Hoto da bidiyo kuma shekara 50 ne daga lokacin da aka fara fitar da su ga jama'a. Rajistar CAC ba ta da alaƙa da wannan ko kaɗan, ita sunan kasuwanci kawai take riƙe maka. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC ake ce mata amma ba NCC ta layukan waya ba ce, suna yin rajista ta intanet ga wanda ya so, amfaninta shi ne ta zama maka shaida, ba ita ke haifar da haƙƙin ba.

Amma ga inda mutane da yawa ke ruɗewa, kuma ina so malaman sana'a su gane shi da kyau. Doka ba ta ba ka mallakar ilimin haɗa sola ba. Ta fito fili ta ce dabara da tsarin aiki da hanyar yin abu da tsagwaron bayanai ba sa shiga haƙƙin mallaka. Cewa batir biyu masu bolt 12 in ka jera su a siris za su ba ka 24, wannan ba naka ba ne ba na kowa ba ne. Yaron nan yana da damar ya koyar da duk abin da ka koya masa, ya buɗe shago jikin naka, ya rubuta nasa handawut a kan maudu'i iri ɗaya, ba abin da za ka iya yi masa. Abin da yake naka shi ne yadda ka zuba bayanin, jimlolinka, misalanka, jerin darussan yadda ka tsara su da kalmominka, da zanen da ka yi da biro. Su ne ya kwafa ya sayar, kuma ya ƙara da cire sunanka, wanda shi ma haƙƙi ne daban, don marubuci na da haƙƙin a ambaci sunansa a kan aikinsa ko da ya sayar da aikin.

Abu na farko da za ka yi tun kafin ka yi magana da kowa shi ne ka tattara shaida, saboda a kotu sunan da ke jikin aiki shi ake fara ɗauka a matsayin mai shi har sai an kawo hujjar akasin haka, kuma yanzu akwai kwafi na yawo da sunansa. Ka adana takardun da ka fara zana da hannu, kada ka taɓa fayil ɗin farko da ke kwamfuta don kwanan watansa ya tsaya yadda yake, ka nemo tsofaffin ɗalibai da ke da kwafinka tun kafin shi ya zo, ka sa wani ya sayo maka kwafi ɗaya daga wurinsa, sannan a ɗauki hoton saƙonnin guruf ɗin. Lambar wayarka da ya manta ɗin nan hujja ce mai ƙarfi sosai.

Maganar hotunan Google kuwa, Google ba shi ke da su ba, nuna maka kawai yake yi, kowane hoto da mai shi, kuma Najeriya na cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe tun 1993 don haka aikin ɗan wata ƙasa ma yana da kariya a nan. Fassara ita ma tana cikin abubuwan da sai da izinin mai aiki, ko da kai ka sha wahalar fassarawa. Wannan ba zai kashe haƙƙinka a kan sauran shafukan da ka rubuta da kanka ba, sai dai lauyan ɗaya ɓangaren zai yi ta jan magana a kai. Gyaran ba wuya, kana da fanel da inbata a shago, ɗauki hotonsu da wayarka ka maye gurbin waɗancan, shafuka biyun nan kuma ka rufe littafin kamfanin ka rubuta abin da ka sani da bakinka, lambobin bolt da amfiya ba wanda zai hana ka ambata.

In ta kai ga ƙara, Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumi, akwai ta a Kaduna, ba majistare ba kuma ba kotun shari'a ta unguwa ba. Za ka iya neman a hana shi ci gaba da bugawa, a ba ka diyya ko ribar da ya ci, kuma a ɓangaren laifi doka ta tanadi tarar da ba ta gaza naira 10,000 kan kowane kwafi ba ko ɗauri. Amma gaskiya kuɗin lauya da zirga-zirgar Kaduna za su iya fin abin da za ka samu a kan handawut, shi ya sa yawanci da magana ake farawa, in ta ƙi sai wasiƙar lauya, in ta ƙi sai koke ga hukumar NCC ɗin. Takardar ƙungiyar nan kuwa kada ka sa hannu yadda take.

Dattijo_ƘofarDoka:

Injiniya ɗana, ni kafinta ne kuma na yaye yara da dama a cikin birni, wasu yanzu sun fi ni manyan injina. Na karanta bayanin Barista kuma na ƙaru, amma zuciyata ba ta natsu da maganar kotu tsakanin malami da ɗalibinsa ba. Mu yadda muka taso, abin da ubangidanka ya koya maka naka ne, ka tafi da shi ka ci abinci, shi kuma ladansa na wurin Allah. Masu ɗinkin hannu na babbar riga a nan cikin birnin Zazzau, aska takwas da aska biyu da ake yi tun kakanni wa ya taɓa cewa nasa ne shi kaɗai? Kuma mun ji malamai na faɗin azabar wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye. Ina tsoron kada wannan abu na haƙƙin mallaka ya shigo cikin masu sana'a ya zama kowa na ƙulle abin da ya sani sai an biya, yaran talakawa su rasa inda za su koya. Ban ce yaron ya kyauta ba, cire sunanka rashin kunya ce da butulci, amma ka kira shi ko ka sami mahaifinsa ko wani babba da yake jin nauyinsa a zauna a zaure. Yaron da ya zauna a gabanka ya koyi riƙe filaya bai kamata ku haɗu gaban alƙali ba.

Ɗalibin_Ilimi_Hanwa:

Baba Allah ya ƙara girma, maganarka ta sulhu ita ce daidai kuma ina bayanta. Sai dai a kan ɓoye ilimi ina ganin Injiniya bai shiga ciki ba, mutumin da ya zauna ya mayar da ilimin sola Hausa don yaran da ba su jin Turanci ai yaɗa ilimi ya yi. Ba wanda ya zo ya tambaye shi yadda ake haɗa batir ya hana shi. Abin da ake magana a kai shi ne wani ya ɗauki wahalarsa yana cin kuɗi da ita kuma yana cewa shi ya rubuta, wannan ƙarya ce da cin dukiyar wani ba da yardarsa ba. Malaman zamani sun duba mas'alar, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, suna da ƙimar dukiya, bai halatta a yi ta'addanci a kansu ba. Kuma tun asali a karatunmu na zaure jingina magana ga mai ita amana ce, shi ya sa malami zai ce maka wane ya faɗa a littafi kaza, ba zai ce ni na faɗa ba. Misalin aska takwas da Baba ya kawo gaskiya ne gadon al'umma ne ba na mutum ɗaya ba, amma handawut ɗin nan an san wanda ya rubuta shi kuma yana raye yana cin abinci da shi. In Injiniya ya ga dama ya ce na yafe kowa ya buga, sadakarsa ce kuma zai sami lada, amma shi zai bayar da kansa, ba a ɗauka a bayan idonsa ba.

Maman_Ilham_SabonGari:

Slm. Malam Injiniya wlh abin nan ya yi mana yawa mu masu koyar da ɗinki ta waya. Ni ina yin aji a WhatsApp, in ɗauki bidiyo ina nuna yadda ake auna ƙirji da kafaɗa, yadda ake fitar da fatan a takarda kafin a taɓa atamfa, yadda ake yanka hannu mai tattara, mata su biya su shiga, to sai ka ga mace ɗaya ta biya ta kwashe bidiyoyin gaba ɗaya ta buɗe nata ajin da su, muryata ce hannuna ne har zoben da ke yatsana ana gani amma ita ke karɓar kuɗi. Da farko na zaci sitayil ɗin ne nawa, sai wata 'yar uwata da ta karanci lauya ta ce min a'a, ba za ki hana wata tela ta kalli riga ta ɗinka irinta ba, amma bidiyon da kika ɗauka naki ne ɗari bisa ɗari, daidai da abin da Barista ya faɗa.

Abin da nake yi yanzu, ina sa kati mai sunan shagona da lambata a kan teburin yanka kusa da almakashi yadda ba za a iya yanke shi daga bidiyon ba sai an yanke aikin, kuma ina ambatar sunana a tsakiyar bayani ba a farko kawai ba. Sannan kafin in saka mace a guruf sai ta turo min da rubutu cewa ta yarda darasin na kallonta ne ita kaɗai ba na turawa ko sayarwa ba. Bai hana duka ba amma ya rage, don yanzu in na kama mace ba ta da bakin cewa ba ta sani ba. Wadda ta ɗora a Facebook ko YouTube ko TikTok kuma suna da fom na kai ƙorafin haƙƙin mallaka, in ka cike ka nuna naka na asali suna saukewa, WhatsApp ne mai wahala don ba ka ganin inda abu ya shiga. Kuma mu ma mu kiyaye, waƙoƙin da muke sawa a bayan bidiyon talla suna da masu su, shi ya sa wani lokaci za ka ga an kashe wa bidiyo sauti.

Mai_Fotokofi_Samaru:

Ni a gefen masu bugawa nake, shagona na kusa da jami'a. Oga gaskiyar magana mu abin da aka kawo mana muke bugawa, mutum zai zo da filashi ko ya turo ta waya ya ce a canja bango a sa wannan sunan a buga kwafi talatin a yi bayindin, ba ma tambaya. Amma tunda na ji ana kama masu buga littattafan makaranta na jabu na daina karɓar aikin da za a ce in kwafe littafi sukutum daga bango zuwa bango don sayarwa, ɗalibi ya zo ya ce babi ɗaya yake so don karatunsa wannan daban. Shawarar da zan ba ka ta aiki ita ce kada ka sake ba wa kowa fayil ɗin Word, ko mai shagon da ke buga maka ka tsaya a goge a gabanka, don daga nan yawanci yake fita. Ka sa sunanka da shekara a ƙasan kowane shafi, kuma a cikin zanen kansa ka rubuta sunan a jikin batir ko jikin inbata, wanda ke ƙasan shafi da ɗan farin takarda ake rufe shi a kan gilashin inji cikin daƙiƙa biyu amma na cikin zane sai an ɓata zanen. Kuma ka rage farashin naka in zai yiwu, in na asali da na sata kuɗinsu ya yi kusa mutane na asali suke saye.

Malam_Poly:

Ina koyarwa a ɓangaren lantarki, bari in ƙara a kan tambayar da ba a taɓo sosai ba, wato mu malamai me ya halatta mu ɗauka daga aikin wasu. Mutane na cewa ai don koyarwa ne ba komai, wannan rabin gaskiya ce. Doka ta yi sassauci, akwai abin da take kira amfani bisa adalci, kamar karatun kai da bincike da ba na kasuwanci ba da sharhi a kan aiki, kuma ana duba abu huɗu: me ka yi da shi, wane irin aiki ne, nawa ka ɗiba, kuma shin ka kashe wa mai shi kasuwa. Ka rubuta misali daga littafi a allo, ko ka ɗauko sakin layi ka faɗi inda ka samo, ko ka sa shi a tambayar jarrabawa, duk wannan ba matsala. Amma ka ɗauki littafin wani ka buga wa ɗalibai arba'in suna biyanka, su kuma ba za su sayi littafin ba, wannan ya fita daga sassauci, musamman ga cibiya mai karɓar kuɗi. Makarantun da ke yawan fotokofi akwai ƙungiyar REPRONIG da ke ba da lasisi a madadin marubuta da mawallafa.

Abin da nake ba wa masu cibiyoyi shawara shi ne su san akwai kayan da masu su suka buɗe da kansu. Ka nemi alamar Creative Commons a jikin abu. In ka ga BY to ka yi amfani amma ka ambaci mai shi, in da SA to abin da ka gina a kai shi ma da irin lasisin zai fita, NC na nufin ban da kasuwanci, ND kuma ban da sauyawa, kuma fassara sauyawa ce don haka mai ND ba za ka mayar da shi Hausa ka raba ba sai ka nemi izini. Hotunan shafin intanet na Wikimedia Commons kowanne da lasisinsa a rubuce a ƙasansa, kuma Commonwealth of Learning da UNESCO na fitar da kayan koyar da sana'a da yawa a buɗe. Manhajar NBTE kuma, wato hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, hedikwatarsu na nan Kaduna, an yi ta ne don a bi, ka tsara darussanka a kanta musamman in kana son yaranka su shiga tsarin shaidar ƙwarewa ta NSQ, amma bayanin darasin kai za ka rubuta.

Injiniya ni a ganina handawut ɗin sola da Hausa abu ne da ake matuƙar buƙata, ka gyara shi ka mai da shi littafi sosai da sunanka. Zariya ce fa garin kamfanonin buga littattafai na Gaskiya da NNPC (ba NNPC ta man fetur ba), nan aka buga littattafan Hausa da iyayenmu suka yi karatu da su, bai kamata littafin sana'a da Hausa ya tsaya a fotokofi ba.

Injiniya_TudunWada:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Baba na karɓi shawararka, dama ban da niyyar kai shi kotu, na san yayan mahaifinsa muna sallah masallaci ɗaya, ta nan zan bi. Abin da nake so shi ne ya mayar da sunana ya daina sayar da PDF ɗin, in yana son amfani da shi ga ɗalibansa ya riƙa saye a wurina a farashin sari, ni hakan ma ya fi min. Hotunan kuma zan ɗauki nawa a shago. Barista saura maganar ƙungiyar nan, ka ce kada in sa hannu, to me zan ce musu? Don aikin na da ɗan kauri ba na so ya kuɓuce, kuma in na ce a cire layin gaba ɗaya ina tsoron su ce na cika tsirfa su nemi wani.

Barista_Kongo:

Ba sai an cire ba, gyara shi za a yi. A dokarmu haƙƙi na fara zama ne a hannun wanda ya yi aikin sai in yarjejeniya ta ce akasin haka, kuma mallaka ba ta komawa hannun wani sai da rubutu, to layin nan shi ne rubutun. In ka sa hannu yadda yake, gobe su ke da ikon bugawa su ba wa wani mai horarwa, kai kuma sai ka nemi izininsu kafin ka koyar da abin da ka rubuta a shagonka. Ka ce musu a raba abu biyu. Kayan da ka zo da su tun kafin kwangilar, a ambaci handawut ɗin da sunansa da yawan shafukansa, suna nan a mallakarka, ka ba su izinin bugawa ga ɗaliban wannan horon kawai, izinin da bai hana ka ba wa wasu ba, kuma sunanka ya zauna a jiki. Abin da suka biya ka ka rubuta musu sabo, kamar rahoto ko jarrabawar ƙarshe, wannan in suna so ya zama nasu ba laifi. Yawancin ƙungiyoyi abin da suke so kawai shi ne kada a zo ana rigima da su daga baya, in ka kawo musu gyaran a rubuce cikin ladabi suna karɓa. In kuma suka dage sai sun mallaki handawut ɗin to sayarwa kenan, a yi masa kuɗi daban ban da kuɗin horo. Ka lura in hukumar gwamnati ce ta sa ka aikin a ƙarƙashin kulawarta, abin da ka rubuta mata nata ne sai in an rubuta akasin haka, don haka a nan ma a fayyace tun farko.

Yaron nan ma in an zauna an daidaita kada a tashi da baki kawai, a rubuta a takarda ko da rabin shafi ne da Hausa, kwafi nawa zai riƙa karɓa, a nawa, ba zai canja bango ba, zai goge PDF ɗin daga guruf, ku biyu ku sa hannu yayan mahaifin nasa ya sa a matsayin shaida. Masu cibiyoyin da ke ɗaukar malamai su ma haka, in kun sa malami ya rubuta muku handawut ku rubuta tun ranar na wa ne in ya bar aiki. Ka turo min hoton shafin yarjejeniyar ta inbos in duba maka sauran layukan kafin ka mayar musu.